Ista a Gombe ko a gida Tangale?

Duk shekara da zarar an kusa Juma'a Mai Kyau sai tambayar ta dawo: a tafi gida Billiri ko Kaltungo, ko a yi bikin tashin Almasihu a nan cikin Gombe?

Ta fuskar kuɗi, zama ya fi sauƙi. Hutun Juma'a da Litinin kan cika tasha, kuɗin mota ya hau, ga tsaraba, don ba a shiga gida hannu rabbana. Hanyar Yola, wadda ake bi zuwa Billiri da Kaltungo, ita ma cike take a kwanakin nan, kuma Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara. Mai goyo ya san abin da nake nufi.

Amma sujadar gida daban ce. Bishara ta shiga ƙasar Tangale tun 1917, kuma ana jin tsufanta a waƙa. Zumuntar Mata na buga tulu, tsofaffi na amsawa da yaren da aka yi musu baftisma da shi. In fasto ya karanta 1 Korintiyawa 15, kaburburan iyaye na nan kusa, sai maganar tashin matattu ta fi ratsa jiki. A gari wa'azin bai canja ba, sai dai da Hausa ko Turanci, a majami'ar da rabin mutanenta sun yi tafiya.

Mai tsofaffi a raye, ko wanda ya yi rashi bana, gida ya fi dacewa da shi. Mai ƙananan yara, ko mawaƙin majami'a da ake dogara da muryarsa, ya zauna Gombe.