Rufaida ko Zunaira? Ki sa Rufaida

Maman Sadiq, barka da sauka, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Tunda Abban Sadiq ya sakar miki zaɓi tsakanin Rufaida da Zunaira, ni ba zan yi miki kwana-kwana ba, ki sa Rufaida. Ina da ita a ɗakina shekara tara ke nan, ko sau ɗaya ban taɓa yin da-na-sani ba. Zunaira kuwa ni ce na sa aka raɗa wa 'yar ƙanwata, kuma har yau yadda muka yi abin yana ci mini rai.

Tawa a tsakiyar hunturu na haife ta, cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke shiga har ƙashi. Naƙuda ta yi mini tsawo, kwana da yini. Akwai wata nas da lokacin tashinta ya yi tun ƙarfe tara na dare, amma ta ƙi tafiya gida. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa mini a ƙafa, tana shafa mini baya tana cewa saura kaɗan, har Allah ya sauke ni gab da asuba. Da Baffan maigidana ya zo barka, wanda almajirin zaure ne a Gangare tun yana saurayi, sai na ba shi labarin matar nan. Ya yi shiru yana kallon jaririyar, can ya ce, to ai yarinya ta zo da sunanta, a sa mata Rufaida. A lokacin ban taɓa jin sunan ba. Surukata ma sai da ta ce, Rufa'atu kake nufi? Ya ce a'a, Rufaida, ya gyara zama ya ba mu tarihi.

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, aka yi Yaƙin Gwalalo a Madina. Kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, ta tsinke masa jijiya a hannu. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Aslam mai suna Rufaida da ta kafa tanti a masallacin Manzon Allah (SAW), tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni, tana kuma ɗawainiya da duk Musulmin da ba shi da mai kula da shi, don neman lada kawai. Sai Annabi (SAW) ya ce a kai Sa'adu tantin Rufaida domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ibn Ishaƙ ya kawo wannan a sirarsa, Imam Bukhari ma ya ambace ta a Al-Adabul Mufrad. Shi ya sa ake kiranta mace ta farko mai aikin jinya a Musulunci. Florence Nightingale da ake koya wa ɗalibanmu na makarantun jinya, a 1820 aka haife ta, kusan shekara 1,200 bayan tantin nan. Kin ga idan yarinya ta girma ta ce Umma, wace ce mai sunana, kina da labarin da za ki ba ta wanda ke rubuce a littafin da malamai suka sani.

Ma'anar ma tsaye take da ƙafarta. Asalin kalmar "rifdu" ne, wato kyauta, tallafi, taimakon da ake kai wa mai buƙata. Rufaida ƙaramtawa ce ta ƙauna, ginin su Nusaiba da Suhaila da Zubaida, kamar dai mu ce 'yar kyauta ko 'yar tallafi. Daga wannan tushen aka sami "rifada", aikin ciyar da mahajjata da Ƙuraishawa ke yi a Makka tun kafin Musulunci, wanda ya kasance a hannun Hashimu, kakan mahaifin Annabi (SAW). Abin da ya fi burge ni, a Larabci ƙyallen da ake ɗorawa a kan rauni a ɗaure shi ma "rifada" ake ce masa. Sunan da aikin mai sunan sun zo kamar an auna. Wataƙila wani ya ce miki ai kalmar ta zo a Suratu Hudu aya ta 99 a kan mutanen Fir'auna. Gaskiya ne ta zo, amma can la'anar da aka bi su da ita ce aka kira mummunar kyauta. Ita kalmar kanta kyauta take nufi, ba wani aibu a jikinta.

Batun ko sunan ya yi yawa, bai yi ba. A ajinsu na Islamiyya akwai A'isha huɗu da Fatima uku, malama sai ta haɗa da sunan uba kafin a gane wadda take kira. Rufaida ita kaɗai ce a makarantar gaba ɗaya. Yanzu ne na fara jin ɗaya-biyu a wajen suna a Rikkos da Anguwan Rogo. Sunan bai cika gari kamar su Ilham da Afnan da Amira ba, kuma bai yi baƙuntar da za a riƙa tambayar ki wane yare ne ba. Ga shi da sauƙi a baki. Malamarta ta boko Berom ce, ranar farko ta kama shi daidai. Maƙwabciyarmu 'yar Ngas mai sayar da dankalin Turawa, tun yarinyar tana goye take kiranta ba tare da tuntuɓe ba. A gari irin namu da yaro zai yi karatu da wasa da kowace ƙabila, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Surukata ce kaɗai ta gajarce shi ya koma Fa'ida, ni kuwa na ji daɗin hakan, don ko gajartawar ma alheri ce.

Zunaira ba mummunan suna ba ne, ba zan zalunce shi ba. Sahabiya ce baiwa da aka azabtar a Makka saboda imaninta har idonta ya rufe. Ƙuraishawa suka ce Lata da Uzza ne suka makantar da ita, ta ce ƙarya suke yi, Allah ya mayar mata da ganinta. Sayyidina Abubakar ya saye ta ya 'yanta ta. Sai dai a littattafan tarihi Zinnira aka fi rubutawa, kuma a ƙamus ɗin Larabci kalmar tana komawa ga ƙananan tsakuwa ne. Idan don darajar baiwar Allah nan za ki sa, ba laifi. Idan kuma don an ce miki ma'anarsa "furen Aljanna" ne, ki dakata.

Nan ne na ƙone. Shekara shida da suka wuce ƙanwata ta haihu, ta ce Yaya ki nemo mana suna mai daɗi wanda ba kowa ke da shi ba. Na sayi wani ɗan littafin sunaye a teburin wani mai sayar da littattafai, mai bango mai sheƙi da hoton jariri a jiki. Babu sunan malamin da ya duba shi, babu inda aka nuna daga ina aka ɗauko ma'ana ko ɗaya. A ciki na ga Zunaira, an rubuta furen da ke Aljanna. Mai teburin ya rantse mini cewa malamai ne suka haɗa shi. Muka kai wa mai buga kaya, aka yi kalanda da sitika, aka manna a kofuna da robobin rabo, ko'ina ga sunan ga "ma'anar" a ƙasa. Ranar suna da yamma, malamar Islamiyyarmu ta ɗauki kofi ɗaya ta karanta, ta ja ni gefe a hankali ta ce, Maman Rufaida, a wane littafi kuka ga wannan? Na kasa ba ta amsa. Mun bincika daga baya, mun tambayi masu ilimin Larabci har mutum uku, babu wanda ya san wannan ma'anar. Kofunan suna nan a gidajen mutane har yau, duk wanda na gani sai gabana ya faɗi, domin magana ce a kan Aljanna muka yaɗa ba da ilimi ba.

Don haka ko ba ki tambaya ba zan faɗa miki, ki yi hattara da masu cin abinci da zumuɗin mai jego. Ki lura da jerin sunayen da ake turawa a WhatsApp da Facebook, kusan duk baƙon suna sai a ce fure ne a Aljanna, ko kogi ne a Aljanna, ko ƙofa ce a Aljanna. Sunayen abubuwan Aljanna da suka tabbata sanannu ne, irin su Kausar da Salsabil da Tasnim a Alƙur'ani, da ƙofar Rayyan ta masu azumi a hadisi. Wasu kuma sunan fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ne aka ƙara masa "h" a ƙarshe aka ce Larabci ne. Akwai ma masu cewa ki tura kuɗi da ranar haihuwa su zaɓa wa jaririya sunan da ya dace da tauraronta. Wannan duba ne aka sa wa sabuwar riga, kada ki ba su ko sisi. Suna ba abin wasa ba ne a addini. Annabi (SAW) da kansa ya canza wa 'yar Sayyidina Umar suna daga wanda ke nufin mai saɓo zuwa Jamila, ya kuma mayar da Barra ta koma Zainab. Duk sunan da kika ji ya kwanta miki, ki rubuta shi da Larabci ki kai wa malamin da ya san luga, minti biyar ya ishe shi.

Ragon suna ma a tura wanda ya san dabba. Wasu dillalan suna ɗura wa rago dusa da gishiri ya sha ruwa ya kumbura, a kawo gida washegari ya saɓe. A buɗe baki a duba haƙora, a taɓa gadon baya a ji nama.

Sai rubutu, wanda mutane ke rainawa. 'Yar ƙanwata tana shekara shida amma sunanta ya riga ya rabu uku. A takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya Zunaira ne, a makaranta Zunairah, a katin rigakafi Zinaira. Kakarta kuwa Zinaru take ce mata, wasu su ce Zulai. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma na ga yadda maƙwabtanmu suka yi ta zarya tsakanin kotu da ofis don gyaran harafi ɗaya, ga kashe kuɗi ga ɓata lokaci. Rufaida ma ana iya rubuta shi Rufaidah ko Rufayda, amma bambancin bai kai na wancan ba. Ki zaɓi guda tun yau, ni R-u-f-a-i-d-a na tsayar, ki rubuta a takarda da hannunki ki ba wanda zai je karɓo takardar haihuwa. Mai buga sitika ma ya turo miki samfuri ki gani da idonki kafin ki cika masa kuɗinsa.

Idan dangin Abban Sadiq suka ce sai an yi wa Hajiya takwara, kada ki ja da su, a sa sunan Hajiya a huɗuba, Rufaida ya zama inkiya, tunda dama ba za a iya kiran sunan kai tsaye a gidan ba. Amma tunda an ce zaɓi naki ne, ki sa shi ya zama sunan yanka, ki sanar da Abbanta tun daren yau don a gaya wa liman kafin Asabar. Ki kuma ce wa wanzami ya bari rana ta ɗaga kafin aski, a sa mata hula da safa da an gama, sanyin safiyar kwanakin nan ya yi wa jariri yawa.