Taliyar Libera Terra daga Gonakin da Aka Ƙwace wa Mafiya

Taliyar Libera Terra tana da ƙarfi, ba ta caɓewa a tukunya, kuma ƙamshin alkama yana fitowa sosai ko da mai da yaji kawai aka ci ta. Ana noma alkamar ba tare da takin zamani ba, a gonakin Sisili da gwamnatin Italiya ta ƙwace daga hannun 'yan Mafiya, wato gungun masu aikata manyan laifuka, sannan ta danƙa wa ƙungiyoyin gama kai bisa wata doka ta shekarar 1996. Ƙungiyar farko, wadda aka kafa a 2001, tana ɗauke da sunan Placido Rizzotto, jagoran ƙwadago da aka kashe a garin Corleone na Sisili a 1948. Farashinta ya ɗara na taliyar kanti, amma na biya da farin ciki, domin a gonakin ake karɓar matasa kowace bazara ana wayar musu da kai.