Rigakafin antiraks: allurar kusa-kusa ko ta nesa-nesa?

Tun da antiraks, wato ciwon saifa, ya ɓulla a Suleja a 2023 ake ta tambayata kan rigakafin mutane irin BioThrax da sojojin Amurka ke karɓa, wai a jera allurai da sauri ko a ba da tazara?

Ta sauri dai ranar farko ce, sai sati 2, sai sati 4, a ƙarƙashin fata, garkuwa tana tashi da wuri amma fa wurin yakan kumbura ya yi ja har da ƙululu, musamman ga mata. Ta tazara kuwa cikin tsoka ake yi, ranar farko, wata 1, wata 6, sannan ƙari a wata 12 da 18, kuma abin da ya burge ni shi ne idan aka bar sati 4 tsakanin ta farko da ta biyu jiki ya fi samar da sinadaran kariya fiye da sati 2. A 2008 Amurka ta cire allurar sati 2 ɗin daga tsarin masu yin rigakafi tun kafin haɗari. Matsalar ta tazara dai jira, ga mantuwa.

Wanda ake zargin ya shaƙi ƙwayar cutar ba shi da lokaci, ta sauri zai yi haɗe da antibayotik. Soja ko ma'aikacin lab da ke shiri tun kafin haɗari, ta tazara ta fi masa.