Risiba ko firi'amf? Amsa ga mai son haɗa sinima a falo da kuɗi kaɗan

Ɗan'uwanmu ya ce yana da talabijin mai 4K, da dikoda, da PS5, falonsa matsakaici ne, aljihun kuma ba shi da nauyi sosai. Wani ya ba shi shawarar firi'amf, wai ya fi risiba tace sauti, shi kuma hankalinsa na kan risiba biyu, Yamaha RX-V385 da Denon AVR-S570BT. Wanne zai ɗauka?

Malam, bari mu fara sallamar firi'amf. Risibar da muke magana a kai, ba ta tauraron ɗan'adam ba, akwati ɗaya ce mai aiki uku: tana karɓar wayoyin HDMI, tana rarraba sautin fim zuwa gaba da tsakiya da baya, sannan akwai amfilifaya a cikinta da ke tura lasifikoki. Firi'amf aiki biyun farko kawai yake yi. Ko wat ɗaya ba ya bayarwa, sai ka sayo masa amfilifaya daban mai hanya biyar. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, irin su Marantz AV10 kaya ne na gaske, amma kuɗin ɗaya zai sayi risiba irin wadda kake nema da yawa, kuma har yanzu ba ka ji ƙara ba. A falo mai tayil da fanka tana kaɗawa, wannan bambancin ba zai iso kunnenka ba.

To, saura biyun. A ƙarfi kunnen doki suka yi: kowacce wat 70 ce a lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), idan hanya biyu ke aiki. Kowacce lasifika biyar take turawa, tana da mashigar HDMI huɗu da Bluetooth, kuma babu mai Dolby Atmos, tsarin da ke kawo sauti har daga sama, a cikinsu.

Shekaru ne suka raba su. Yamaha ta 2018 ce, hotonta ya tsaya a 4K mai firam 60 a daƙiƙa. Denon ta 2022 ce, tana wuce da 4K mai firam 120, wanda PS5 ke iya fitarwa a wasu wasanni. Sai dai ka duba talabijin ɗinka tukuna. In ita kanta a 60 ta tsaya, kamar yawancin masu sauƙin kuɗi, wannan fifikon a takarda zai ƙare. In kuwa tana kai 120, Denon ce taka, ba sai an ja magana ba.

Ni abin da ke jawo ni wajen Yamaha shi ne YPAO. Ɗan makirufo ne da za ka ajiye a inda kake zama, risibar ta yi ta sakin ƙara tana auna nisan kowace lasifika da ƙarfinta, ta daidaita su da kanta. Falukanmu ba don sinima aka gina su ba, kujera na manne da bango, lasifika ɗaya a kusa da kunne, ɗaya can bayan ƙofa. Wanda fim da ƙwallo ne yawan kallonsa, Yamaha ta ishe shi.

Amma inda mutane ke asara ba a zaɓin suna ba ne, a wuta ne. Risibar da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Ka jona ta kai tsaye, ko fis ya tafi ko taransifomar ciki ta ƙone. Kafin ka biya, musamman in ta hannu ce, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wadda ta fito daga Ingila ta dace da mu har filogi. In ta Amurka ce ta burge ka, sa kuɗin taransifomar rage wuta mai ƙarfi a lissafi, da kuma na sitabilaiza, don wutarmu ba ta da alƙawari.

Sai tarko na biyu. In kana shirin amfani da lasifikokin tsohuwar hom tiyata mai DVD da ke gida, dakata. Da yawansu om 3 ko 4 ne, waɗannan risibobi kuwa sun fi son 6 zuwa sama, in ka matsa musu sai su yi zafi su kashe kansu. Wufar irin waccan ma, wato lasifikar bes, galibi ba ta da amfilifaya a ciki, alhali risiba sigina kawai take aika wa wufa, dole sai mai jona wuta da kanta. Kada wat dubu-dubu da ake bugawa a jikin kwali da sunan PMPO ya ruɗe ka.

Da ni ne, zan ɗauki Yamaha mai bolt 230, in zuba ragowar kuɗin a lasifikokin gaba biyu masu kyau da ta tsakiya, don daga ita maganar 'yan fim ke fitowa. Wufa ta biyo baya, na baya su jira albashi na gaba. Ka kuma bar wa risibar sarari a sama ta sha iska, kar a ɗora mata dikoda a kai.