Gyambon Dabba da Ya Ƙi Warkewa: Wane Magani Ya Kamata Ka Saya?

Duk mai kiwo ya san irin mikin nan da ake ta shafa wa magani amma yana nan jiya-i-yau: bakinsa ya yi tauri, tsakiyarsa na ƙyalli da wani yauƙi, ka goge shi yau ya dawo jibi. Sau da yawa wannan yauƙin shi ne matsalar. Masana na kiransa bayofim. Ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus da Pseudomonas ne ke manne wa naman miki, su lulluɓe kansu da wani danƙo da suke fitarwa, kamar santsin da ke kama cikin tulun da ya daɗe ba a wanke ba. A cikin danƙon nan suna iya jure maganin da ya ninka wanda zai kashe su a sarari sau ɗaruruwa. Shi ya sa allura kan allura ba ta cika yin tasiri ba.

Saboda haka kafin ka kashe kuɗi a kan kowace kwalba, ka sani cewa babu wadda za ta yi aiki sai an kankare yauƙin da mataccen nama tukuna. Idan mikin na da zurfi, wannan aikin likitan dabbobi ne, don yana da zafi kuma yakan buƙaci allurar kashe zafi. Bayofim na sake ginuwa cikin kwana 1 zuwa 3, kuma a wannan ɗan tsakanin ne magani ke samun shiga.

Abu na farko a jakarka ya zama ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin 100, da sirinji mai mililita 35, da allura mai lamba 18 ko 19. Ƙarfin feshinsu na isa ya ɗaga datti ba tare da ya tura shi cikin nama ba. Sai ƙyallen miki da bandeji masu yawa, domin su ne ke fara ƙarewa.

Magungunan wanki da aka fi sani biyu ne. Klorheksidin yana daɗewa a kan nama kuma mugunya ba ta saurin karya shi, amma sai an tsinka shi zuwa kashi 0.05 cikin 100, wato awo 1 na mai kashi 2 cikin 100 a cika shi da ruwa mai tsabta ya kai awo 40. In ya fi haka kauri, zai kashe sabon naman da kake jira. Kada ya shiga ido ko cikin kunne, kuma ka guji nau'in da aka haɗa da sabulu. Aidin ɗin fobidon kuwa yana kashe ƙwayoyi iri-iri, sai dai jini da mugunya na rage masa ƙarfi nan da nan, aikinsa kuma na 'yan sa'o'i ne. Shi ma mai kashi 10 cikin 100 sai an tsinka shi aƙalla sau 10. Akwai aidin ɗin kadeksoma da ke sakin ƙarfinsa a hankali yana tsotse ruwan miki, wanda ya fi dacewa da gyambo mai tsatsafa.

Ni dai ga mikin da ke ta maido da yauƙi, na fi karkata ga ruwa ko man da ke ɗauke da PHMB, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, haɗe da sinadarin betain. Betain na sassauta danƙon, PHMB ya samu hanya ya kashe abin da ke ciki. Sirrinsa jiƙawa: ka ɗora ƙyalle jiƙaƙƙe a kan mikin na kimanin minti 10 zuwa 15, ba ka watsa ka wuce ba. Ba a sa shi cikin gaɓa ko a kan guringuntsi. Idan kuma mikin na kusa da ido ko baki, sinadarin haifokulorus ya fi sauƙi ga nama, irinsa ne ma fararen ƙwayoyin jini ke samarwa. Illarsa ita ce haske da daɗewa na lalata shi, don haka ƙaramar kwalba ta fi babba.

Zuma magani ce ta gaske: tsaminta da kaurinta na hana ƙwayoyi sakat, tana kuma jawo ruwa ta tausasa mataccen nama. Wadda aka shirya don miki, kamar ta Manuka daga Niyu Zilan, an tsarkake ta daga ƙwayoyin da kan ɓuya a ɗanyar zuma. Amma dole a rufe ta da bandeji, in ba haka ba kare zai lashe, ƙuda kuma su taru su zuba tsutsa. Man azurfa na sulfadayazin yana da kyau idan mugunya ta yi kore-kore, alamar Pseudomonas, sai dai a daina shi da zarar mikin ya yi ja tas, don yana iya jinkirta haɗewar fata.

Haidurojin ferokzaid, mai kumfar nan da ke burge ido, ka bar shi a kanti. Yawan sa shi na ƙone sabon nama. Masu kyanwa kuma su nisanci duk maganin da ke da fenol, guba ne gare ta.

Doki na da nasa sha'ani. Miki a ƙasan gwiwa yakan tsiro nama ya haura bakin fata, kuma sau da yawa babu man da zai rufe shi sai likita ya yanke tsiron. A tabbatar kuma an yi masa rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Ga shanu da awaki da tumaki, karanta takardar maganin ka ga kwana nawa za a jira kafin a sha madara ko a yanka. Naitirofurazon, wani maganin shafa wa miki, alal misali, an hana amfani da shi ga dabbobin abinci a Amurka da Tarayyar Turai.

Idan mako 2 sun wuce ana wanki da ɗauri yadda ya kamata amma mikin bai ragu ba, daina sayen sabon magani. Wataƙila akwai ƙaya ko guntun mataccen ƙashi a ciki, ko ciwon suga, ko ciwon daji. A ɗauki hoton ƙashi, a kai ɗan naman ɗakin gwaji, sannan likita ya zaɓi maganin da ƙwayar ke ji.