Bas ɗin Pace a gefen Shikago: abin da na gani da keken Hajiyarmu

Jama'a duk wanda ke zaune a unguwannin gefen Shikago kuma ba shi da mota ya san wahalar da nake nufi, gari a baje, shago can asibiti can, ga sanyi kamar ya tsinke maka kunne. To ni dai Pace ce ta rufa min asiri, su ne ke da bas-bas na gefen birni a gundumomi 6, Cook da DuPage da Kane da Lake da McHenry da Will, cikin gari kuma na CTA ne, wato hukumar sufurin birnin Shikago, amma katin biyan kuɗin mota na Ventra ɗaya ke yi maka duka.

Wadda na fi hawa ita ce Pulse, bas mai sauri ta Pace, ta titin Milwaukee da aka fara a 2019, daga Jefferson Park zuwa Golf Mill. Ba ta tsayawa kowane lungu, akwai wajen cajin waya a ciki, tashoshinta kuma da hita, wallahi ranar da dusar ƙanƙara ta zubo za ka san darajar hitar nan. Sauran layukan kam sai ka duba jadawali kafin ka fito, musamman Lahadi, wasu ma ba sa fita sam.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne ƙaramar motar masu lalura. Hajiyarmu tun da ƙafa ta ƙi take kan keken guragu, da sai ni ko ƙanina wani ya bar aiki ya kai ta asibiti. Ashe akwai dokar ADA ta 1990, wato dokar Amurka ta kare haƙƙin masu lalura, da ta ce dole a tanadar wa wanda ba zai iya hawa bas na kowa ba motar da za ta ɗauke shi, in dai inda za shi bai wuce kashi 3 cikin 4 na mil daga layin bas ba, kuma tun 2006 Pace ke yin wannan aiki har cikin Shikago kanta. Sai an cike takarda an tantance mutum tukuna, ba wai ka kira kawai a zo ba.

Ranar farko ina tsaye direba ya sauko da faifan ƙarfen da ake shigar da keke cikin mota da shi, ya tura keken a hankali, ya ɗaure shi da bel ta kusurwa huɗu, ya jijjiga ya ga bai motsi, sannan ya ɗaura mata nata. Hajiya ta kalle ni ta ce "kai ɗan nan, ko jirgin sama ba a ɗaure ni haka ba." Mai kula da ita ma ba ya biyan ko sisi.

Sai dai fa ka sani ba tasi ba ce. Tun jiya za ka kira ka kama wuri, kuma motar haɗaka ce, ana iya biyawa a ɗauki wani a sauke wani kafin a iso da kai, don haka in likita ya ce ƙarfe 10 kar ka ce a zo 9 da rabi. Mu yanzu awa guda muke ƙarawa, Hajiya ta tafi da carbinta da ɗan fulas ɗin shayi, ranar Laraba ma ita kaɗai ta je ta dawo ina wajen aiki.