libzip ko libarchive: wanne ya dace da aikinka?

Malam, ka ce kana rubuta manhaja da harshen C don wata makaranta a nan Gombe, wadda za ta ƙunshe takardun sakamakon ɗalibai cikin fayil guda, ta kuma kwance waɗanda malamai ke turowa, kuma kana tambaya ko zlib zai wadatar. Shi kaɗai ba zai wadatar ba. Laburaren zlib (laburare shi ne tarin umarnin da aka riga aka rubuta, wanda manhaja ke kira ta yi aiki da shi), wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995, matse bayanai ne aikinsa, amma jera fayiloli da sunayensu cikin ƙunshi irin na ZIP sai an haɗa shi da minizip, wani ƙaramin laburare da ke zuwa tare da shi. Saboda haka gara ka duba libzip da libarchive, laburare biyu masu ƙunshe fayiloli da kwance su.

Shi libzip ZIP kaɗai ya sani, amma ya san shi ciki da waje. Kana iya buɗe ƙunshin da ke akwai ka ƙara fayil, ka cire wani, ka sauya wa wani suna, ko ka kulle shi da kalmar sirri ta tsarin ɓoye bayanai na AES. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya taɓa ainihin fayil ɗin har sai ka kira zip_close, wato umarnin rufe ƙunshin, kuma ko a lokacin ma sabon kwafi yake rubutawa a gefe kafin ya maye gurbin tsohon, wanda ba ƙaramin rufin asiri ba ne ga mai aiki a inda ake ɗauke wuta ba sallama.

Shi kuwa libarchive, wanda ya samo asali daga tsarin sarrafa kwamfuta na FreeBSD, faɗinsa ya fi. Yana karanta nau'o'in ƙunshi irin su tar, ZIP, 7z, ISO da RAR, yana rubuta yawancinsu ban da RAR, kuma da shi ne Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z kai tsaye a 2023. Sai dai yana bin ƙunshi ne daga farko zuwa ƙarshe, fayil bayan fayil, don haka idan takarda ɗaya kake son gyarawa, dole ka sake rubuta ƙunshin gaba ɗaya. Dukansu biyu lasisin BSD gare su, wanda ke ba ka damar amfani da su kyauta a manhajarka, ba matsala ta wannan fuskar.

A ganina libarchive ya fi dacewa da kai, domin ba ka da iko da abin da malamai za su turo. Wanda ke da manhajar WinRAR a kwamfutarsa RAR zai aiko maka, komai yawan gargaɗinka. Da a ce manhajarka ce kaɗai ke ƙirƙira da gyara fayilolin, da libzip na ce ka ɗauka.

Ko wanne ka zaɓa, ka binciki sunayen fayiloli kafin kwancewa, domin suna mai ɗauke da "../" (alamar komawa foldar da ke sama) na iya fita daga foldar da ka ware ya danne wani fayil a wani wuri. A libarchive, tutar ARCHIVE_EXTRACT_SECURE_NODOTDOT, wato zaɓin da ake kunnawa lokacin kwancewa, tana toshe wannan kafar, a libzip kuwa kai za ka rubuta binciken da hannunka.